Littafin da aka ba ƙanena a asibiti: shin rubutu yana raba mutum da ƙwaya?

Yaya Babba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ba tare da na sa baki ba, amma yau abu ya zo kaina, kuma na san akwai ma'aikatan lafiya da malamai a cikinmu. Ƙanena ne, ɗan shekara 24, ya yi wata biyu a kwance a wani asibitin ƙwaƙwalwa saboda tiramol da maganin tari mai kodin, aka sallamo shi mako uku da suka wuce. Ya dawo gida da ledar magunguna, da katin ranar komawa, da kuma littafin rubutu mai jan bango irin na 'yan firamare, wanda aka ce ya riƙa rubutu a cikinsa kullum, ya kuma tafi da shi duk ranar da zai ga mai ba shi shawara. Mahaifiyarmu da ta ga littafin sai ta riƙe haɓa ta ce ashe duk kuɗin da aka haɗa, har da na awakinta biyu, jinga aka je aka sayo.

Ni ban tanka ba a lokacin. Amma shekaranjiya ya fita masallaci ya bar littafin a kan katifa, zuciya ta ci ni na buɗe, kuma abin da na tarar ya hana ni barci. Wasiƙa ce ya rubuta wa tiramol, yana kiransa aboki, yana tuna masa ranar da suka fara haɗuwa a wajen buga bulo, da yadda ya ɗauke masa gajiya har ya riƙa yin aikin mutum biyu, da yadda ya cire masa nauyin baki a gaban mutane. Shafi biyu cur yabo ne zalla, wallahi kamar wasiƙar saurayi ga budurwa. Ban iya ƙarasawa ba na rufe na mayar yadda na same shi. Don Allah masu sani ku gaya mini, wannan magani ne, ko kuwa tayar masa da tsohon mikin ake yi?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin da ake kwantar da irin waɗannan matasa, kuma abin da kika gani ba baƙo ba ne a wurinmu. Da kin juya zuwa shafi na uku, ina kyautata zaton da kin tarar da inda yabon ya juye ya zama tuhuma, domin haka ake tsara wannan wasiƙar: ka faɗi abin da ya ba ka, ka faɗi abin da ya karɓe maka, sannan ka sallame shi.

Dabarar tana da asali. Wasu masu ba da shawara su biyu, Michael White na Ostireliya da David Epston na New Zealand, su ne suka shimfiɗa ta a shekarun 1980, suka kuma fitar da littafi a kanta a 1990. Tushen maganarsu shi ne, ba mutumin ne matsala ba, matsalar ce matsala. Ki duba yadda abin yake a gidajenmu. Da zarar yaro ya faɗa shaye-shaye, sunansa na yanka ya ɓace, ya koma ɗan ƙwaya a bakin kowa. Buta ta ɓata shi ne, waya ta ɓata shi ne, ko da ranar yana wani gari. A hankali shi ma sai ya karɓi sunan, kuma ranar da ya yarda cewa shi da ƙwaya abu ɗaya ne, to wa ya rage da zai yaƙi ƙwayar? Idan aka ce ya rubuta mata wasiƙa, an tilasta masa ya tsaya a gefe ɗaya ya ajiye ta a ɗaya gefen, ya dube ta kamar wani baƙo da ya shigo gidansa ya yi kane-kane.

Shi kuma yabon da ya tsorata ki, ni a wurina shi ne ɓangare mafi amfani. Babu wanda zai zuba kuɗin guminsa shekara da shekaru a kan abin da ba ya ba shi komai. Ƙanenki ya faɗi abu biyu a sarari, wato gajiyar aiki da nauyin baki. Yanzu mai ba shi shawara ya san ramin da ƙwayar ke cikewa, ya san cewa ranar da yaron ya koma wajen bulo ko aka tura shi cikin taron biki, ranar ce ƙawar za ta taso. Yaron da ya rubuta cewa ƙwaya ba ta taɓa yi masa rana ba, sharrin abokai ne kawai, ya fi ba ni tsoro, domin abin da yake ganin muna son ji ya rubuta mana.

Malam na Zaure:
Assalamu alaikum. Allah ya saka wa Anti Nas da alheri, na ƙaru da bayaninta, sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai wanda ba zan iya wucewa ban faɗa ba. Addininmu ya ginu a kan suturta aibi. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce dukkan al'ummarsa abin yi wa afuwa ce ban da masu bayyanawa, wato wanda zai aikata saɓo da dare, Allah ya rufa masa asiri, ya wayi gari yana yaye suturar da kansa. To yanzu an ce yaro ya zauna ya rubuta saɓonsa filla-filla, har da daɗin da ya ji a cikinsa, ya kai wa wani ya karanta, kuma na ji a wasu wuraren har zama ake yi a da'ira kowa ya tashi ya ba da labarinsa. Ina tsoron kada a shigo mana da al'adar wasu mutane ta furta zunubi a gaban mutum, a sa mata rigar magani. Tuba tsakanin bawa da Ubangijinsa take, ba ta buƙatar mai sauraro.

Baba Direba:
Allah gafarta Malam, ni ba malami ba ne, kuma ni Kirista ne, saboda haka ba zan shiga fagen da ba nawa ba. Abin da na gani da idona kawai zan faɗa. Na ja tirela shekara 19, a cikinsu shekara 11 giya ce ke ja na, yanzu kuma ina cikin shekara ta shida ban ɗanɗana ba. Irin zaman da'irar da Malam ya ambata na halarta, kuma ina halarta har gobe.

Wannan zaman ya samo asali ne daga wata ƙungiyar mashaya masu ɓoye suna da ake kira Alcoholics Anonymous, wadda wasu mutum biyu suka fara a garin Akron na jihar Ohio a Amurka a 1935, ɗaya dillalin hannun jari, ɗaya likitan tiyata, dukansu giya ta gama da su. Abin da suka lura da shi shi ne, idan mashayi ya zauna da mashayi ɗan uwansa ya ba shi labarinsa, su biyun sukan kai dare ba su sha ba. Littafin da suka buga a 1939 ma babban sashensa labaran 'yan ƙungiyar ne da bakinsu. Kuma labarin yana da ƙa'ida mai gaɓa uku: yadda muke a da, abin da ya faru, da yadda muke yanzu. Ba a faɗin sunan mahaifi, kuma abin da aka ji a ɗakin a ɗakin ake barinsa.

Ga nawa. Mataki na huɗu a tsarinsu shi ne ka zauna ka yi wa kanka lissafi a rubuce. Na ɗauki labarin ranar da aka karɓe mota daga hannuna, na rubuta a bayan wata tsohuwar takardar lodi. A rubutun farko maigidana ne azzalumi, ya kore ni a kan safaya guda ɗaya. Wanda ke riƙe da hannuna a ƙungiyar ya karanta, bai ce komai ba, ya ce in sake bayan mako biyu. A na biyu sai ga matata ta shigo, ita ce mai mita har ta sa ba na son kwana a gida. A na uku ne hannuna ya rubuta cewa ni na kwance safayar na sayar a hanya, na shanye kuɗin a dare biyu, kuma a daren da taya ta fashe mana cikin daji yaron motata ne ya kwana yana gadin kayan mutane shi kaɗai. Na san wannan duka tun farko, babu wanda ya gaya mini sabon abu. Amma shekara huɗu ina ba da labarin a tasha ana tausaya mini, ban taɓa jin yaron motar ya fito daga bakina ba sai da alƙalami ya tono shi. Magana da baki tana gudu, ka tsallake inda ba ka so, amma takarda tana zaune tana jiranka ka dawo ka ga ƙaryar da ka yi jiya.

Ɗalibar Jami'a:
Baba, labarinka ya yi daidai da wani abu da muka karanta a sashen nazarin halayyar ɗan Adam, amma ina so in ɗan ja birki kada 'yar uwarmu ta ɗauka an gano maganin da babu kokwanto a kansa. Binciken da aka fi ambata a kan rubutu da lafiya na James Pennebaker ne, wanda aka buga a 1986 a Amurka. Ya sa ɗalibai su yi rubutu na minti 15 a rana, kwana huɗu a jere, wasu a kan abu mafi ciwo da ya taɓa samunsu, wasu a kan abubuwan yau da kullum marasa nauyi. Waɗanda suka rubuta abin da ya faru haɗe da yadda suka ji a ransu sun rage zuwa asibitin makaranta a watannin da suka biyo baya. Daga baya kuma aka lura cewa waɗanda suka fi amfana su ne waɗanda labarinsu yake sauyawa daga rana zuwa rana, suna ƙara kalmomin dalili irin su "saboda" da "na gane", suna kuma duban abin ta idon wasu, kamar yadda Baba ya wayi gari ya ga yaron motarsa. Wanda ya maimaita kuka ɗaya da kalmomi ɗaya har kwana huɗu bai cika samun wani sauƙi ba.

Sai dai abu biyu. Na farko, da aka tattara bincike masu yawa da suka biyo baya, amfanin da aka gani ɗan kaɗan ne, kuma ɗaliban farko ba masu shaye-shaye ba ne. Na biyu, mutanen sukan fi jin ƙunci nan take bayan sun ajiye alƙalami, sauƙin sai daga baya yake zuwa. Ga ɗalibi mai lafiya wannan ƙuncin na awa ɗaya ne ya wuce, amma ga wanda ya saba kashe ƙunci da ƙwaya, kuma ya san lungun da ake sayarwa, awa ɗayan nan ta isa ta mayar da shi ruwa. Shi ya sa nake ganin littafin yana da amfani ne matuƙar akwai wanda zai buɗe shi tare da shi.

Mai Shago:
Ku yi haƙuri, ni duk wannan maganar ta 'yan boko ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka sha miyagun ƙwayoyi a Najeriya cikin shekara ɗaya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Littafi nawa za a raba, kuma wa zai zauna ya karanta su? Yaran da ke zama a bayan shagona daga la'asar zuwa dare, rabinsu ba za su iya rubuta sunan unguwarsu ba. A shekarar 2018 ɗin aka hana maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC, sai suka koma kan wani abin, domin abin da ya kai su bai gushe ba: babu aiki, babu jari, babu mai tambayar inda suka kwana. A ba yaro keken ɗinki ko a kai shi gareji ya fi masa wasiƙa dubu. Rubutu ba ya cika ciki.

Ɗan Maraɗi:
Alhaji Mai Shago, a kan rashin aiki ina bayanka, amma ka lura ƙanen baiwar Allah nan yana da aikinsa na bulo lokacin da ya fara, kuma aikin ne ma ya kai shi. A wajenmu masu shan tiramol da yawa ma'aikata ne, 'yan kabu-kabu da masu dako da masu haƙar zinariya, suna sha don su jure abin da jiki ba zai jure ba. Saboda haka ko an ba shi keken ɗinki, ranar da ɗinkin sallah ya taru zai tuna da tsohon abokinsa.

Maganar rashin iya rubutu kuwa gaskiya ce, kuma a Nijar ta fi tsanani ta wata fuska, domin wanda ya yi lakwal da Faransanci ya koyi rubutu, alhali damuwarsa da Hausa take zuwar masa. Amma na ga yadda wani ɗan baffana ya yi. Allo kawai ya yi, saboda haka da farko da ajami yake ɗan rubutawa, da ya ga hannunsa ba ya bin zuciyarsa sai ya koma ɗaukar muryarsa a waya. Kowane dare yana yin minti biyar, ya faɗi inda ya je, da wa ya haɗu, a wane lokaci ƙawar ta taso, da abin da ya yi har ta lafa. Ranar Juma'a sai ya saurari na makon gaba ɗaya. Shi da kansa ya gano cewa ba da dare abin ke kama shi ba kamar yadda kowa ya zata, da hantsi ne, idan ya karɓi kuɗin farko a hannunsa kuma bai karya ba. Daga nan ya fara karyawa kafin ya fita, ya kuma riƙa barin kuɗin safe a hannun wani mai shayi dattijo har azahar. Ba na cewa wannan ne ya warkar da shi, amma mu da ke gida shekara uku muna yi masa faɗa ba mu taɓa gano hantsin nan ba.

Anti Nas:
Ɗan Maraɗi ya taɓo ainihin aikin. Abin da ɗan baffanka ya yi shi ne abin da muke roƙon marasa lafiya su yi a shafukan yau da kullum, kuma ba sai da boko ba. Akwai ma wata dabara da aka ƙirƙira a nan Afirka, wadda ake kira Bishiyar Rayuwa, da wata masaniya 'yar Zimbabuwe, Ncazelo Ncube, ta tsara tare da David Denborough wajen 2006 domin yaran da cutar ƙanjamau ta mayar marayu, daga baya aka ɗauke ta zuwa wasu fagage. Mutum zai zana bishiya, saiwoyin su ne asalinsa da waɗanda suka raine shi, gangar jikin abin da ya iya, rassan burinsa, ganyayen mutanen da ke da muhimmanci a gare shi, rayayyu da matattu, 'ya'yan kuma kyaututtukan da aka taɓa yi masa. Sai an gama wannan kafin a zo maganar guguwar da ta taso wa bishiyar. Na taɓa ganin wani matashi da ya yi mako biyu bai ce mana uffan ba, da aka zo ganyaye sai ya ambaci kakarsa da ta rasu, wadda ita kaɗai ke ajiye masa tuwo a rufe ko da ya dawo a buge. Daga kan wannan tuwon aka samu ƙofar shiga.

Amma bari in faɗi iyakar abin, don kada wani ya karanta mu ya sayi littafi ya kulle ɗansa a ɗaki. Rubutu ba ya maganin wahalar da jiki ke shiga idan aka yanke sha. Wanda ya daɗe yana shan giya sosai, ko ƙwayoyin barci irin su diyazafam da roci, idan ya tsaya kwatsam yana iya faɗawa farfaɗiya ko ruɗewa mai kisa cikin 'yan kwanaki, saboda haka dole likita ya sauke shi a hankali. Tiramol shi kansa yana jawo farfaɗiya idan aka sha da yawa. Kuma wanda ya yi wata biyu bai sha ba jikinsa ya manta da yawan da ya saba, idan ya koma ya sha adadin da, yana iya zama ajalinsa. Yaya Babba, wannan ki riƙe shi da kyau. Haka nan sarƙa ba ta yin abin da ake zato. Kowa ya tuna watan Satumba na 2019 da 'yan sanda suka fito da mutum wajen 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa. Mari yana riƙe ƙafa, amma labarin da ke kan yaron yana nan yadda yake, sai ma ƙarin babi na ƙiyayya.

Game da damuwar Malam, akwai gefen da na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Akwai labarin da muke katsewa a zaman rukuni, wato na bajinta: kwalba nawa na shanye a zama ɗaya, yadda na zille wa 'yan sanda, wane dila ne kayansa suka fi kyau. Za ka ga idanun sauran sun kawo haske, ana dariya, ɗakin ya koma majalisa. Wannan ba magani ba ne, talla ne.

Malam na Zaure:
To, Alhamdu lillahi, wannan rarrabewar ta warware mini mafi yawan abin da ke raina. Na koma na yi tunani, kuma gaskiya mai bayyanawar da hadisin ya zarga shi ne mai faɗa don alfahari da rashin kunya, irin na majalisar da Anti ta kwatanta. Wanda ya je wa likita da ciwonsa ba ya cikin wannan, kamar yadda malamai suka halatta buɗe al'aura ga mai magani gwargwadon larura, kuma sahabbai sun zo wa Annabi da abin da suka aikata suna neman mafita. Shi kuwa lissafin kai a rubuce, ai muhasaba ce, wadda aka ruwaito Sayyidina Umar yana umarni da ita, cewa mu yi wa kanmu hisabi kafin a yi mana.

Har ma na tuna wani abu da ya dace da maganar raba mutum da matsalarsa. A Bukhari akwai labarin wani sahabi da aka sha kawowa saboda shan giya, har wani ya la'ance shi don yawan kawo shi da ake yi, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An hukunta aikin, amma ba a bari aikin ya cinye sunan mutumin ba. Mu kuwa mun iya haddace haramcin giya a Suratul Ma'ida, mun manta cewa kafin ta akwai ayar Baƙara da ta ce a cikinta akwai zunubi babba da wasu amfanoni ga mutane, zunubin ya fi girma. Ashe ambaton amfanin da yaron ya yi kafin ya zo kan cutarwa ba shi ya fara ba.

Sharaɗina dai yana nan, Baba Direba: zaman da'ira ban gamsu da shi ba tukuna a irin garuruwanmu, inda kowa ya san kowa, kuma magana ɗaya ta fita tana iya hana yarinya aure ko ta hana yaro amana a kasuwa. A Akron wataƙila ɓoye sunan mahaifi ya isa, a unguwarmu fuska ma suna ce.

Baba Direba:
Malam, wannan gaskiya ne, shi ya sa ni ma nake hawa mota in tsallaka wani gari don zaman. Amma tunda an zo maganar amana, akwai abin da kowa ya zagaye bai taɓa ba, ni kuwa tsufa ya ba ni izini. 'Yata Yaya Babba, ba ki kyauta ba da kika buɗe littafin nan. Na san tsoro ne da ƙauna suka sa ki. Amma mashayi ya yi shekaru yana ƙarya ga kowa, littafin nan shi ne wuri na farko da yake gwada faɗin gaskiya, kuma yana iya yi ne don ya yarda babu mai leƙe. Ranar da ya gane ana karantawa zai ci gaba da rubutu, amma ku zai riƙa rubuta wa, ya cika shafi da na tuba da Allah ya shirye ni, ku ji daɗi, mai ba shi shawara kuma ya rasa inda zai kama.

Mai Shago:
A nan ban yarda ba, Baba. Mutanen da suka sayar da awaki, suka yi jinya, suka sha kunyar unguwa, a ce ba su da haƙƙin sanin abin da ke ransa? Idan yana shirin komawa ruwa ne fa, ko yana tunanin hallaka kansa, sai a zauna ana mutunta littafi?

Anti Nas:
Tambayar Alhaji tana da nauyi, ba ta wasa ba ce. Abin da muke yi shi ne, tun ranar farko ake gaya wa mara lafiya cewa sirrinsa a rufe yake, sai fa idan akwai haɗari ga ransa ko ran wani, nan kam za a sanar da iyalinsa. Saboda haka ga hanya a buɗe: iyali su nemi a zauna da su ranar komawa asibiti, su tambayi alamomin da za su sa wa ido, su kuma faɗi abin da suke gani a gida. Idan kuka ga ya daina barci, ya daina cin abinci, yana rabar da kayansa ko yana maganar mutuwa, ba littafi za ku buɗe ba, shi za ku tambaya kai tsaye, ku kai shi asibiti a ranar. Sau da yawa ma akan sa mara lafiya ya rubuta wata wasiƙa dabam domin iyalinsa, wadda shi zai zaɓi ranar da zai karanta musu.

Yaya Babba:
Na gode muku baki ɗaya, har da Baba da ya faɗa mini abin da ba na son ji. Jiya bayan isha'i na same shi a soro na gaya masa cewa na buɗe littafinsa na karanta shafi biyu, na ba shi haƙuri. Ya yi shiru har na zaci tashi zai yi. Can sai ya tambaye ni ko na kai wurin agogo, na ce ban kai ba. Agogon mahaifinmu ne, wanda ya ɓata kwana arba'in bayan rasuwarsa, aka yi ta zargin wani almajiri da ke yi mana aike har aka sallame shi. Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba. Ya ce akwai wasiƙar da yake rubuta wa Inna amma bai gama ba, kuma kada in gaya mata tukuna. Ya nemi in saya masa ƙaramin akwati mai kwaɗo, na saya da safen nan, makullan biyu duk suna hannunsa.

Ranar Talata ne komawarsa asibiti, kuma ya yarda in raka shi in zauna a waje har a kira ni. Anti Nas, Inna ta ce ita ma za ta je, amma na san halinta, tana shiga za ta fara lissafin awaki. Ya fi kyau in tafi da ita wannan karon, ko in bari sai zama na gaba?